Sarkin da Ya Raba Tarwaɗa da Karfasa

An yi wani sarki a Birnin Bado, ana kiransa Mamuda Jatau, wanda masu tarihin zamaninsa suka haɗu baki ɗaya a kan cewa ƙasa ba ta taɓa ɗaukar adali irinsa ba. Masu tarihin su biyu ne, kuma daga gidansa ake kai musu tuwo.

Amma a faɗi gaskiya, mutumin yana da adalci daidai gwargwado, yana kuma da wata ɗabi'a da ba kasafai take zama inuwa ɗaya da rawani ba, wato son sanin yadda abubuwa suke. Idan ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero, sai ya tsayar da doki ya bi ta da ido har bakin raminta, fadawa na tsaye cikin rana suna yaba wa tururuwar. Aibinsa guda ne, zuciyarsa ta fi idonsa sauri, kafin ya gama kallon abu ya riga ya yanke masa hukunci.

A bayan birnin akwai wani babban tafki da kogi ke cika shi da damina, ya janye ya bar shi da rani. Al'adar garin ce a ɗaure tafkin, kada kowa ya jefa ko ƙugiya, sai ranar su, ranar da sarki ke fitowa da kansa a buɗe ruwa kowa ya kama rabonsa. A irin wannan rana ce masunta suka jefo wata tarwaɗa a gaban sarki, baƙa wuluk, da gashin baki kamar na tsohon dogari. Tana cikin birgima a ƙasa sai ta buɗe baki ta amayar da karfasa guda sukutum, ko idonta bai narke ba.

Sarki ya daɗe yana duban kifayen nan biyu, sa'an nan ya ce, "Ashe a ƙasata, a bayan gidana, babba na haɗiye ƙarami tun zamanin kakana, ba a taɓa samun wanda ya kawo mini ƙara ba?"

Sarkin Fada Cindo, wanda aikinsa ne amsa duk tambayar da ba ta neman amsa, ya faɗi ya ce, "Zaki, ai talakawan ruwa ba su san hanyar fada ba. Da sun sani, da tuni zaure ya cika."

Nan take sarki ya ba da umarni. Aka bari sai da ruwa ya ja baya sosai, aka gina katangar laka mai kauri ta raba tafkin gida biyu, aka kuma toshe mashigar kogi da shinge don kada baƙon kifi ya shigo. Manyan kifayen da aka kama ranar su sun riga sun isa tukwane kafin tausayin sarki ya same su, saboda haka ƙananan da suka rage aka tsame da taru aka tantance, tarwaɗa gabas, karfasa yamma. Aka kira na gabas Tafkin Azzalumai, aka ce a riƙa zuba musu dusa safe da yamma ko sa saba da halal. Aka kira na yamma Tafkin Masu Haƙuri, aka sa dogarai su kori zalɓe da tsari da duk wani mai dogon baki ko dogon wuya daga gefensa. Wani tsohon kada da ke zaune a wurin tun kafin a haifi sarki, aka ɗaure shi aka kai shi kogi, da ban haƙuri. Ba a nemi fatawar kowa ba, domin ba a ga wurin shubuha a cikin lamarin ba.

Aka danƙa amanar tafkunan a hannun Sarkin Ruwa Nomau. Shi wannan bawan Allah gadon rawanin ya yi daga ubansa, uban kuma daga nasa uban, kuma kakan nan ne na ƙarshe a gidansu da aka tabbatar ya taɓa riƙe taru. Nomau mutum ne mai kunya da tsoron Allah da yawan iyali. Ya riƙe amanar iyakar fahimtarsa, wato kullum yakan je ya zauna a ƙarƙashin wata tsamiya nesa kaɗan da ruwa, ya tabbatar an zuba dusa, ya koma gida.

Damina uku aka yi ba a buɗe tafkin ba. A cikin wannan lokaci Sarkin Fada bai bar baƙon da ya sauka a birnin ba sai ya kai shi ya ga katangar, yana yi masa bayanin cewa adalcin Mamuda Jatau ya cika tudu har ya gangara cikin ruwa. Da lokacin buɗewa ya yi, aka gayyaci sarakunan maƙwabta su zo su ga yadda raunana ke bunƙasa idan an tsare su, da yadda azzalumai ke shiryuwa idan an ciyar da su.

Aka fara da Tafkin Masu Haƙuri. Tarun ya yi nauyi har sai da aka ƙara hannu, jama'a suka ɗauki kabbara. Da ya iso gaɓa sai kabbarar ta yi ƙasa-ƙasa, domin karfasa ce dubu bisa dubu, amma babu wadda ta wuce tsawon yatsa, duk kai da ido da ƙaya. Aka koma Tafkin Azzalumai, inda aka zuba ɗaruruwan 'ya'yan tarwaɗa. Aka ja taru daga wannan gefe zuwa wancan, aka sake ja, abin da ya fito bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba, sai dai kowace ta kai kaurin cinyar ƙato. Sarakunan maƙwabta suka yaba ƙwarai, irin yabon da mutum ke yi yana duban ƙasa.

Da aka koma fada, Sarkin Fada, wanda ya fi kowa bashin bayani, ya riga kowa samo shi. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, hikimar sarki ba ta kuskure, hannu ne ya shiga ruwan. An kwashe manyan karfasa, an kwashe yawan tarwaɗa, kuma mutum ɗaya aka ba amana."

Sarki ya dubi Nomau ya ce, "Sarkin Ruwa, me ka ce?"

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa ko ɗaya ba. Ni dai a ganina mutanen ruwa ne. Katangar nan ta bi ta kan hanyarsu, kuma ba a yi musu sallama ba."

"Waɗanne mutanen ruwa?"

"Waɗanda ba a ambata, ranka ya daɗe."

Wannan kariya ba ta taimake shi ba. Sarki ya sa aka kira Alƙali Haliru, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da cewa bai taɓa yarda da abu don an faɗe shi da ƙarfi ba. Sarki ya ce masa, "Malam, an kunyata ni a gaban baƙi, amma ba wannan ya fi damuna ba. Na ba da amana, amana ta salwanta. Ka nemo mini ɓarawon kifin nan kafin ruwan farko ya sauka. Idan ka samo wani, Nomau ya kuɓuta. Idan ba ka samo ba, to, mai tsaro shi ke da alhakin abin da ya ɓata, zan warware rawaninsa, ya kwashi iyalinsa ya bar mini ƙasa."

Alƙali ya ce, "Na ji, na karɓa, Allah ya taimaki sarki. Sai dai ina roƙon a ba ni izinin in tuhumi duk wanda bincike ya kai ni gare shi, ko mai ƙafa ne ko marar ƙafa."

Sarki ya ba shi.

Alƙali ya fara da wanda ake tuhuma. Ya same shi a zaurensa ya rafka tagumi, ya ce, "Sarkin Ruwa, yaushe rabonka da shiga ruwa?"

Nomau ya yi tunani, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, har da alwala?"

"Ban da alwala."

"To, gaskiya tun ina yaro. Na taɓa zamewa a bakin rafi, tun daga nan ban sake ba."

"Kifi fa, kana ci?"

"Yana sa mini ƙaiƙayi. Amma Malam, don Allah kada a ji wannan a fada. Da a ce Sarkin Ruwa ba ya cin kifi, gara a ce ya sata."

"Za a iya cewa duka biyun, in ba mu yi sauri ba," in ji alƙali.

Ya zaga kasuwa, bai sami wanda ya taɓa ganin babbar karfasa ta fito daga hannun mutanen Nomau ba. Ya tambayi masunta, suka ce su a kogi suke aikinsu, inda kifi ke gauraye yadda Allah ya zuba shi, ba su taɓa ganin ruwan da aka tantance mazaunansa ba balle su san halinsa. Abin da ya fi tsaya wa alƙali a rai shi ne ɗabi'ar wannan ɓarawo, wanda ya shiga tafkin yamma ya kwashe manya ya bar ƙanana, ya shiga na gabas ya kwashe ƙanana ya bar manya. Ya yi shekaru yana shari'ar ɓarayi, ya ga masu haɗama, ya ga wawaye, amma bai taɓa gamuwa da wanda ke sauya ra'ayi daga wannan gefen katanga zuwa wancan ba.

Saboda haka ya bar mutane ya koma wa kifi. Kullum da hantsi sai a gan shi a bakin tafki, ya naɗe riga ya tsuguna yana duban ruwa, har mutanen gari suka fara cewa tsufa ya fara taɓa Malam. Ana nan iska ta juya, gajimare ya fara taruwa a gabas, matan gidan Nomau suka fara ɗaure kaya a ɓoye.

Ran nan alƙali ya zo fada, bayansa ana ɗauke da randa, da wata ƙwarya cike da 'ya'yan tarwaɗa da masunta suka kamo masa a kogi, wasu kamar yatsa, wasu sun ɗan fi haka. Ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, ina da shaidu, amma ba sa magana sai an rufe su. Ina roƙon sarki ya ƙirga su da hannunsa, ya zuba su a randar nan, a sa musu dusa isasshiya, a rufe bakin da faifai a ɗaure, sarki ya buga hatiminsa a kan ƙullin, a ajiye ta a inda ba mai shiga sai shi."

Sarki, da yake abin ya taɓo inda yake masa daɗi, ya naɗe hannun riga ya ƙirga goma, ya zuba, ya rufe, ya sa aka kai randar turakarsa. An ce a kwanakin nan ya fi kusantar randar fiye da kowa a gidan, yana kara kunne a jikinta.

Bayan 'yan kwanaki aka fito da ita gaban fada, aka ga hatimi lafiya lau, aka buɗe. Sarki ya leƙa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Huɗu suka rage.

Nomau ya manta da inda yake, ya miƙe ya ce, "Na faɗa! Ranka ya daɗe, na faɗa! Ga shi sun biyo randa har turaka!"

Sarkin Fada ya ce, "Zaki ya ji da kunnensa. Ya san su, shi ya aiko su."

Alƙali ya ce, "Kafin a raba gardama tsakanin masana biyu, ina roƙon a ɗago waccan, mai kauri."

Aka ɗago ta. Cikinta ya yi tim, kuma daga bakinta wata 'yar wutsiya ta leƙo, irin wutsiyarta sak, ba ta gama shigewa ba. Sarki ya matso har gemunsa na taɓa ruwa, ya ce, "Malam, wannan ai 'yar'uwarta ce."

"Ta yiwu ma uwarsu ɗaya, Allah ya taimake ka. Ba ta binciki nasaba ba. Iyakar abin da na fahimta a zaman da na yi, tarwaɗa tana da tambaya guda ga duk abin da ta gamu da shi, ko zai shiga bakinta ko ba zai shiga ba."

"Dusar fa da muka yi ta zubawa?"

"Ta ci, ranka ya daɗe, ba ta raina kyautar sarki ba. Ta dai ɗauke ta a matsayin abin taɓawa kafin abinci ya iso. Abin da ke faruwa shi ne, cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe tare sai wata ta ɗan riga saura girma, ko da kaɗan ne. Wannan kaɗan ɗin ya isa ta haɗiye mafi ƙanƙanta, haɗiyewar ta ƙara mata girma, girman ya ƙara mata waɗanda za su shiga bakinta. A dā, lokacin da ruwan ke gauraye, 'ya'yan karfasa sun fi yawa kuma sun fi sauƙin kamu, sai ta fi karkata gare su. Da aka ɗauke mata su, sai ta waiwayi maƙwabta. Ɗaruruwan da sarki ke nema ba su bar tafkin ba, suna cikin 'yan ƙalilan ɗin nan da aka kama, an dai tattara su ne wuri ɗaya."

Sarki ya koma ya zauna, mamaki ya rufe shi har ya manta da fushi. Can ya ce, "Wannan ya wanke Nomau daga gabas. Saura yamma. Karfasa ba ta da irin wannan baki, kuma babu azzalumi ko ɗaya a tafkinta. Ina manyanta suka shiga? Ga hadari can yana haɗuwa, Malam, kuma maganata tana nan."

Alƙali ya ce, "Wannan shaidar ba ta zuwa fada, sai dai fada ta je mata."

Suka ɗunguma zuwa Tafkin Masu Haƙuri. Sarkin Fada, wanda ya ga alamar iska ta juya, ya riga kowa isa gaɓa don ya riga kowa gano wani abu. Inuwarsa na faɗawa kan ruwa sai ya ga wata karfasa ta buɗe baki, 'yan mitsi-mitsin 'ya'yan da ke kewaye da ita suka ɗura ciki gaba ɗaya, ta rufe. Ya juyo da gudu yana cewa, "Zaki, an gama! Har masu haƙurin ma haka suke! Yanzu a gabana wata ta haɗiye 'ya'yanta, ko tauna ba ta yi ba!"

Fuskar sarki ta ɓaci, domin waɗannan su ne ya yi wa katanga. Alƙali ya ce, "Sarkin Fada ya faɗi abin da ya gani, kuma ya gani daidai, ya dai taso da wuri ne. Ina roƙon kowa ya ja baya ya zauna, kada inuwar kowa ta taɓa ruwa, kada kuma kowa ya yi magana."

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya yi wa fadawa tsanani, amma suka daure. Sarki ya tsuguna kusa da alƙali. Aka jima, ruwa ya kwanta, sai karfasar nan ta ɗan ja da baya, ta buɗe baki ta feso 'ya'yan kamar hayaƙi, suka watsu kewaye da ita suna kiwo, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Alƙali ya ɗaga hannu inuwa ta gifta, suka sake ɗurawa cikin bakin. Sarki ya yi dariya irin ta yaro, ya ɗaga nasa hannun, ya sauke, ya sake ɗagawa, har sai da alƙali ya yi gyaran murya.

"Tsarki ya tabbata ga Mahalicci," in ji sarki. "Wata ta sa ɗa a baki don ta cinye shi, wata ta sa shi don ta ɓoye shi, kuma daga tudu duk kama ɗaya."

"Haka ne, Allah ya ƙara wa sarki basira. Amma ba don wannan na kawo sarki ba. Sarki ya dubi uwar, nawa girmanta yake?"

Sarki ya duba ya ce, "Ba ta fi yatsana ba."

Alƙali ya sa aka kamo wata irinta, ya danna gefen bakinta a hankali da babban yatsa, sai ga ƙwai cike da bakin, rawaya, kamar gero da aka jiƙa. Ya ce, "Wadda ke goyo ba jaririya ba ce. Wannan uwa ce, ranka ya daɗe, wataƙila ma kaka. Manyan da ake cewa an sace, su ne waɗannan. Sun manyanta, girma ne ba su yi ba. Sarki ya dubi ƙasan ruwan, ina bado, ina gansakuka, ina ciyawar da aka sani a nan? Babu, sai laka tsirara. Kowace uwa tana fitar da ɗaruruwa, ta tsare su a bakinta har su yi ƙwari, kuma babu tarwaɗa, babu zalɓe, babu tsari da zai rage ko ɗaya. Duk suka rayu, duk suka haihu, abin da suka haifa ya haihu, tafkin kuwa bai ƙara faɗi ba. Abincin da zai ƙosar da ɗari ya girmar da su, sai aka raba shi ga dubbai, ya hana su mutuwa, bai kai ga girmar da kowa ba."

Sarki ya ce, "To, wa ya saci girmansu?"

"Junansu, loma bayan loma, ba tare da ɗaya ta yi nufin cutar 'yar'uwarta ba."

Sarki ya dubi katangar, wadda ta miƙe tsakanin tafkunan, an shafe ta da kyau, har da zane. Sa'an nan ya ce, "Malam, ɓarawo na ce ka kawo mini."

Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, "Na neme shi iyakar ƙoƙarina, Allah ya ja kwanan sarki. Ban sami mai hannu a cikin lamarin ba, sai mai umarni. Shi kuwa sammacina ba ya isa zaurensa."

Dogarai suka dubi juna. Nomau, wanda sai yanzu ya fara hango inda maganar ta dosa, ya rufe ido yana salati. Sarki ya ce, "Ya isa, Malam. An karɓa, kuma wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa." Ya juya ga Nomau ya ce, "Sarkin Ruwa, tashi. Rawaninka naka ne, gidanka naka ne. Na kusa korar ka daga ƙasar kakanninka a kan kifin da ni na hana shi girma. Ka yafe mini."

Nomau ya faɗi yana kuka yana godiya, ya ce ya yafe duniya da lahira. Da ya natsu ya ƙara da cewa, duk da haka, a ganinsa ba za a rasa ɗan hannun mutanen ruwa a ciki ba. Ba wanda ya yi masa musu, domin ranar farin cikinsa ce.

Sarkin Fada kuwa bai ga dalilin da zai sa a tashi ba a fitar da darasi ba. Ya gyara murya ya ce, "Zaki, ai wannan babbar aya ce. Ashe cin da babba ke yi wa ƙarami rahama ce ga ƙaramin! Ga shi da aka daina cin su sun lalace. Talakawa ma haka suke, in an sassauta musu sai su yi yawa su ƙanƙance. A ganina hakimai su ƙara matsa hannu kaɗan, don maslahar talakawan kansu."

Sarki ya dubi alƙali ya ce, "Malam, wannan ƙiyasi ya inganta?"

Alƙali ya ce, "Ranar da matar talaka ta fara haihuwar ɗari biyar a zama ɗaya tana goya su a baki, sai a dawo da mas'alar mu duba. Kafin nan, ban ga illar da ta haɗa su ba, wato dalilin da zai sa hukuncinsu ya zama ɗaya. Ƙiyasi irin wannan ne ya gina katangar, ranka ya daɗe. An dubi tarwaɗa an ga hakimi, an dubi karfasa an ga talaka, alhali kifi ne kawai. Tarwaɗa ba ta zalunci, yunwa take ji, kuma ba a ba ta wata hanya ta ƙi bi ba. Zalunci sai ga wanda zai iya bari, ya ƙi bari. A duk wannan shari'a, daga gabas har yamma, ban ga inda aka kusa yin sa ba sai a tudu."

"To, wane darasi kifin ya koya mana?"

"Ban ga alamar ya zo koyar da mu ba, Allah ya taimake ka. Harkar gabansa yake yi. Mu ne dai muka ƙaru da muka zauna muka kalle shi."

Sarki ya jinjina kai. Ya tuɓe alkyabbar da ke jikinsa ya yafa wa alƙali da hannunsa, ya ba shi doki da sirdinsa, ya kuma yi umarni cewa daga ranar, duk hukuncin da ya fito daga bakinsa yana cikin tausayi ko yana cikin fushi, a riƙe shi tukuna har sai an sami wanda ya je ya tsuguna ya duba. Ya ce wa jama'a, "Na ɗauka tausayi shi ne adalci, ashe rabinsa ne. Mai mulkin da ya ji tausayi bai duba ba, zai cuci wanda ya tausaya wa, ya kuma nemi wani ya ɗora masa laifin."

A yammacin nan aka sa fartanya aka fasa katangar, aka buɗe mashigar kogi, aka sallami dogaran da ke korar zalɓe. Tarwaɗa suka tsallaka yamma, suka shiga aikin da aka dakatar da su daga gare shi damina uku, ba tare da nuna wani riƙo a zuci ba. Sarki ya tsaya ya kalla har ƙarshe. Bado ya dawo, zalɓe ya dawo, har wani kada ya zo ya kama wuri, ko tsohon ne ko wani, ba a tantance ba.

Karfasar da tarwaɗa ta bari kuwa suka sami sarari da abinci, suka yi faɗi, suka yi ƙiba, har da ranar su ta zagayo aka kamo waɗanda guda ke cika akushi. Su kuma sarki ya cinye su da yaji.